Muryar Malam a Ƙarƙashin Tafina

Shekarun baya kaɗan, bayan na fita takabar mijina, wani abu ya same ni da ban iya gaya wa kowa ba a lokacin. Yau na zaunar da 'yar ƙanwata na ce ta rubuta mini, don ni ban yi karatu ba. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya ci ƙarfina, kada ku ga laifin mai rubutu.

Muryar Malam ce ta ɓace mini. Fuskarsa tana nan, ga hotonsa a bango. Ƙamshin turarensa bai bar hulunansa ba. Amma in na rufe ido na ce bari in ji yadda yake sallama in ya dawo daga kasuwar dabbobi, sai shiru. Mutumin da muka tsufa tare a gida ɗaya a nan Daura! Na ji kamar an sake yi mini rasuwa.

Akwai jikana da ya tashi a hannunmu. Sunan Malam aka sa masa, don haka bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, Ango nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya. Sana'arsa sa kiɗa a wajen biki, abin da suke kira di-je. A wayarsa akwai saƙon murya guda ɗaya da Malam ya taɓa aiko masa daga kasuwar garin Babban Mutum, da wayar wani abokinsa dillali. Ango ya kunna mini sau ɗaya ana cikin zaman makoki. Malam yana cewa ruwa ya tare su, a gaya mini in rufe harawa, sai tari ya sarƙe shi. Tarin nan da ya zama ajalinsa. Na ce, "Kashe! Kashe!" Ya kashe.

Daga baya na so in sake ji, amma da wane baki? Tsohuwa kamata ta ce wa jikanta, sa mini muryar mijina? Ranar da ya bar wayar tana caji na lallaɓa na dangwala mata yatsa. Ko gezau. Na lashi yatsan na sake dangwalawa, sai ta haska ni ta ɗauki hoton hancina. Na ajiye musu abinsu.

Wata rana bayan la'asar wata irin ƙara ta dame ni daga shagon Ango da ke jikin zaure, siririya kamar sauro ya shiga kunne. Na ja takalmina na je in yi faɗa.

"Kai Ango, aljanu kake kira mana?"

"A'a, Amarya da kanta! Shigo, ai na ɗauka kin yi yaji."

"Yajin me? Mijin da ko goro bai iya saye ba?"

Ban ƙarasa faɗan ba, don idona ya sauka a kan teburinsa. Faifai biyu baƙaƙe suna juyawa, kowanne da allurarsa a kai, ga kwamfuta a tsakani. Garmaho! Farkon aurenmu Malam yana da garmaho, kuma ni nake ɗora masa allura, don ya ce hannunsa na riƙe ƙahon sa ne, ba na abu mai laushi ba.

Na ce, "To wannan wace irin waƙa ce, ba kiɗa ba amshi?"

Ya ce, "Ai faifan nan babu waƙa a cikinsa. Wannan ƙarar kaɗai aka zuba masa, kuma ba don kunnenmu ba, don kwamfuta ce. Da ita take gane faifan yana gudu ne, ko ya tsaya, ko ya koma baya. Waƙar tana cikin kwamfuta, duk abin da faifan ya yi sai ta yi."

"Wato igiya ce. Ragon yana can ciki."

"Shi ke nan, kin ƙwace mini sana'a. Kawo hannunki."

Ya taɓa wani abu, ƙarar ta ɗauke, kiɗa ya tashi. Na ɗora tafina a kan faifan, kiɗan ya tsaya cak. Na ja baya, mawaƙin ya haɗiye maganarsa. Na sassauta hannu a hankali, muryarsa ta yi kauri kamar ta bajimi. Rabona da dariya tun kafin rasuwa, ranar na yi.

Sai na shiga goge bakin teburin da gefen mayafina. Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Duk abin da ke cikin kwamfutar nan yana bin igiyar?"

Ya dube ni. Yaron nan, Allah Ya yi masa albarka, bai tambaye ni komai ba. Ya jona wayarsa da kwamfuta, ya yi 'yan taɓe-taɓensa, ya ɗage allurar ya ajiye gefe. Ya ce, "In kin ɗora ta a bakin faifai, daga farko zai soma. Ni bari in je in duba wani abokina, ki tsare mini shago, kar ki sayar mini da kaya." Ya ja ƙofa.

Na ɗora allurar. Na fara jin kukan tumaki da hayaniyar kasuwa, sannan Malam ya yi sallama. Na danne faifan. Na ja shi baya, ya sake yin sallama. Na amsa masa. Ban san sau nawa na sa bawan Allah nan ya yi sallama a wannan yammaci ba, shi da a rayuwarsa ba ya maimaita magana.

Daga nan kusan kullum Ango yana da abokin da zai je dubawa bayan la'asar. Na san maganar kamar tafin hannuna, na san daidai inda zai ja numfashi kafin tarin. Nan nake dannewa in komar da shi baya. A ƙarƙashin hannuna Malam bai taɓa yin ciwo ba.

Ana nan sai Ango ya samu aiki a wani gidan biki a Kano, zai tafi da kayansa duka. Na yi masa murna, na kuma shiga ɗaki na yi kuka, don na san har yanzu in na bar shagon nan muryar ba ta biyo ni. Ranar da zai ɗaure kaya ya ce, "Amarya, wai kin taɓa jin ƙarshen maganar nan kuwa?"

"Na san ƙarshenta. Ni na yi jinyarta."

"Ba ki sani ba," in ji shi, ya fita.

Na ɗora allura. Sallama, ruwa, harawa. Ya ja numfashi, tafina ya sauka da kansa. Na daɗe a haka, injin yana ta sulɓewa a ƙarƙashin faifan yana neman in sake shi. Na ce a raina, gobe ba faifai ba igiya. Na yi bismilla na ɗage hannuna.

Ya yi tarin, mai tsawo, har na dafe ƙirji. Sai kuma na ji dariya. Dariyarsa ta ainihi, wadda take fita ta hanci. Ya ce, "Kai, kar ka gaya mata na yi tari, yanzu sai ta ɗura mini citta da kanumfari ta hana ni kasuwa. Ka ce mata lafiya lau nake, ta ajiye mini tuwona."

Na ce da ƙarfi, "Ashe ɓoye mini kake yi, Malam!" Ina kuka ina dariya, har Ango ya leƙo a tsorace. Na ce ya zo ya kwashe kayansa kar mota ta bar shi.

Na ɗauka ina kare kaina ne da nake tsayar da shi, ashe dariyarsa nake toshewa. Tun daga ranar muryar ta dawo mini, ba faifai ba kwamfuta. Kuka kam ban daina ba, ga shi yanzu ma mai rubutu tana miƙo mini gefen zanenta. Amma in na tuna Malam yanzu, tarin yakan zo ya wuce, sai in jira abin da ke bayansa.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ranar da muka haɗu, sai ya sha cittar nan.