Lilon da ya tsaya da mu a sama

Jama'a, ni ne mai laifi, na yarda. Amma ku ji abin da ya same ni yau!

Tun da rikicin nan ya sa hanyar Limbe, garin bakin teku da muke zuwa shaƙatawa, ta daina biyuwa, ni da matata Hajara ba mu sake fita hutu ba. Watan jiya ta ce mu je filin wasan nan mai babban lilon lantarki da ke juyawa da mutane sama, mu sha iska. Na ce, "Wurin masu 'ya'ya ne. Mu wa za mu kai?" Shekara ashirin da aure, ban taɓa yi mata gorin haihuwa ba sai ranar. Washegari ta tafi gidan yayanta a unguwar Japoma, nan Douala.

Yau Lahadi shirun gida ya ishe ni. Na hau mashin daga unguwarmu New Bell, na je filin ni kaɗai.

Mai kula da lilo ya ce, "Kawu, mutum ɗaya ba ya hawa, kujerar karkacewa take yi. Zauna da madam ɗin can. Kowace Lahadi ita kaɗai take zuwa."

Na leƙa. Hajara ce!

Ta dube ni ta ce, "Malam, 'ya'yan wa ka kawo?"

Na shiga na zauna kusa da ita. Lilo ya tashi. Muna kaiwa can sama aka ɗauke wuta, lilo ya tsaya cak! Ga Douala shimfiɗe a ƙasa har kogi, ita kuwa ta juya mini ƙeya.

Na ce, "Hajara, rashin nan namu ne mu biyu, amma na ɗora miki ke kaɗai. Na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."