Bijimin Ƙanena

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, ni da ƙanena muka shirya kowa ya turke sa ɗaya a kangon bayan gidanmu na Kusfa, mu yanka da Babbar Sallah. Na girme shi da shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ake tambaya komai a gidan. Shi ya sa da muka je kara sayen shanun ban nemi shawararsa ba.

Na zaɓi jan sa irin na Bororo, dogo, mai manyan ƙahoni. Shi kuwa ya tsaya kan wani bokolo gajere, ƙahonsa ɗan mitsitsi, fatar wuyansa tana reto.

"Yaya, wannan naka ƙafa ce da ƙaho," in ji shi. "Irinsu tafiya suka iya, ba su cika ajiye nama ba."

Na ce masa ya bari a turke su tukuna.

Wata huɗu suna cin abu ɗaya: dusa, harawa, angurya, da ruwan kanwa. Nasa ya ci ya kwanta yana tuƙa. Nawa bai taɓa son turken ba, yana ci yana fizgar igiya. Amma duk wanda ya leƙo kangon nawa yake kallo, har abokaina na masallaci suka zo ganinsa. Da na lura gadon bayan bokolon yana faɗi, sai na fara ƙara wa nawa dusa bayan la'asar, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Sallah wani dattijon mahauci ya zo daga Kwarbai. Da nawa ya fara. Da ya feɗe shi na ga abin da fata ta ɓoye mini: dogayen ƙasusuwa, cinya siririya, haƙarƙari kusan babu kitse, naman ja wur. Mahaucin ya gama da shi, ya koma kan na ƙanena. Da ya buɗe bokolon sai ya dakata, ya dafa cinyar da tafin hannunsa.

"Malam, zo ka gani," ya ce da ni. "Dubi yadda kitse ya ratsa tsokar. Wannan ba daga kiwo kaɗai ba ne, iri ne."

Ni ya kira, ba mai bokolon ba. Na je na duba, na ce masha Allahu. Naman ƙanena ya cika tabarma biyu har aka ƙaro buhu aka shimfiɗa. Nawa da ƙashi da komai bai kai haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin gida ya faru. Matata ta ɗora suya, kitse bai isa ba, ta je ta karɓo a wurin matar ƙanena. Sannan mahaifiyarmu, wadda haƙoranta suka yi rauni, ta ture kwanon da na kai mata, ta jawo nasa.

"Na autana ya fi taushi," ta ce. "Naka sai masu haƙori."

Da yamma ƙanena ya kawo mini rabin tozon bokolonsa da kansa. Na yi godiya, yana fita na aika wa maƙwabcinmu. Ban ɗanɗana ba. Kwana uku ina gaisawa da shi a taƙaice, shi kuwa bai ma lura ba, wannan ya ƙara mini haushi.

Da shekara ta zagayo na tafi kara ni kaɗai, na sayo bokolo wanda ya fi nasa, na turke. Na jira ya kawo nasa a gwada. Sai ya ce mini an yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja, bana rago zai yanka a can.

Bokolon nawa ya yi nama fiye da yadda na zata. Na ɗauki hoton cinyar na tura masa a waya. Ya amsa da cewa, "Allah Ya karɓa, Yaya. A ajiye wa Inna tozo."