Kwalbar Maganin Tari Da Ta Raba Ni Da Aikina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Fiye da shekara talatin ban buɗe baki a kan wannan magana ba, ko 'ya'yana ba su san kanta ba. Yau na ga ya kamata in faɗa, ko wani zai amfana.

A farkon shekarun casa'in ina tuƙa tifa a wani kamfanin Turawa da ke aikin hanya tsakanin Karaye da Rogo. Ni ɗan Kafin Dafga ne, kuma ni ne na fara cin albashi a gidanmu.

Da damina tari ya kama ni. Na ɗauka mura ce. Na je kemis, mai shagon ya ba ni wani ruwan magani mai zaƙi. In na sha sai tarin ya lafa, don haka kwalba na ƙarewa sai in sayi wata.

Ana nan wata motar kamfani ta faɗi, aka ce kowane direba ya kawo fitsari a gwada. Na bayar hankalina kwance. Ko taba ban taɓa sha ba, iyakata goro.

Bayan 'yan kwanaki fomanmu, Malam Idi mutumin Rogo Ruma, ya ja ni gefe. Ya kasa kallon idona.

"Garba, sun ce an ga ƙwaya a fitsarinka. Ka ajiye makulli."

"Ni, Malam?"

"Wallahi na faɗa musu ban san ka da haka ba. Sun ƙi saurarata."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na je tashar Karaye neman ko da akori-kura ce in ja, babu wanda ya yarda ya ba ɗan ƙwaya motarsa. Ga shi ina ta ramewa, mutane na cewa ai ga shaida nan a jikinsa. Har masallaci na daina zuwa don kunya.

Inna ce kaɗai ta ce, "Ni na haife ka, na san abin da na haifa."

Ranar da matata Asabe ta ga jini a kakina, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayar da tumakinta, ta sa ni a mota sai asibiti a Kano.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki. Likita ya ce tarin fuka ne, kuma ya ci huhu sosai. Na tsorata, don a garinmu mun binne masu wannan ciwon da yawa.

Sai ya tambaya, "Me kake sha tun da abin ya fara?"

Asabe ta ciro kwalbar daga jakarta. Ya karanta jikinta, ya ce, "Akwai kodin a cikin wannan. Duk wanda ya sha shi, gwajin fitsari zai nuna kamar ya sha ƙwaya."

Nan na fashe da kuka a gaban mutane, ba don ciwon ba.

Jinya ta yi tsawo. Allura kowace safiya har zama ya gagare ni. Magani kafin karin kumallo, fitsarina ya koma ja, kwanona da kofina daban. Asabe na kwana a baranda a kan tabarma. Duk mako a ɗora ni a sikeli. Ranar da nas ta ce na fara ƙiba, Asabe ta fita ta sayo mini tsire.

Bayan watanni aka sake gwada kaki, aka ce babu komai.

Da ƙarfina ya dawo, Malam Idi da kansa ya zo gida ya ɗauke ni a babur, muka je wurin likitan kamfani da katin asibiti da kwalbar. Aka sake gwajin fitsarin, ya fito fes. Baturen da ya kore ni ya miƙo mini makulli da hannunsa, ya ba ni haƙuri.

A wannan rana, da gangan na bi ta Kafin Dafga da tifa cike da tsakuwa, ina danna oda. Na tuƙa ta har aka gama hanyar, daga nan na sayi motar kaina. Da ita na ilimantar da 'ya'yana duka.

Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan Inna da Malam Idi. Asabe, Allah Ya saka miki da Aljanna.

'Yan uwa, tari in ya daɗe ku je asibiti, kada ku tsaya a kemis. In za a yi muku gwaji a wurin aiki, ku faɗi duk maganin da kuke sha, ku tafi da kwalinsa. Kuma in kun ga mutum yana ramewa, ku fara tambayar lafiyarsa kafin ku sa masa suna.