Sifanar Malam Gwadabe

Malam Gwadabe mai famfo ya ciro bututun da ya faɗa cikin rijiyar tuƙa-tuƙa ta Garin Badamasi a bazarar da ta wuce, daga nan ya ajiye aiki. Ina wurin. Ni ba na yawan yabon mutum, rubutu kuma ba sana'ata ba ce. Wannan ya cancanta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mutumin Gumel ne, gajere, mai furfura, ba ya dariya sai da dalili. Tun lokacin da aka fara kafa famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyukanmu yake gyaransu. Da ya yi sallar asuba ya sha kunu, sai ya ɗaure akwatin ƙarfe a bayan tsohon babur ɗinsa ya kama hanya. Yau ƙasar Gagarawa, gobe tamu ta Sule Tankarkar, ran Alhamis kasuwar Maigatari, inda yake sayen roba da noti, masu ƙorafi kuma su tare shi a rumfa. In ya shiga gari ba ya fara zuwa ƙofar mai gari. Wurin famfo yake sauka. Ya tsaya gefe, ya bar mata su ci gaba da tuƙawa, shi yana saurare. Sai ya gama jin kukan ƙarfen sannan yake gaisawa da mutane. Wasu sun ɗauki wannan a kan girman kai. Ba shi ba ne.

Yana da wata ɗabi'a da ta ba mu haushi da farko. Ba ya ɗaure noti da hannunsa in akwai mai hannu a wurin. Zuwansa na farko garinmu, hannun famfo ne ya yi sako-sako, muka daina taɓa shi, muka aika Gumel. Ya zo ya duba, ya buɗe akwati ya ɗauko sifana, wadda shi yake ce wa kile yadda mutanen Damagaram suke faɗa. Ya ɗaga ta sama.

"Wa ke da hannu biyu a nan?"

Muka kalli juna.

"Noti ne ya kwance. Saboda noti kuka taso ni daga Gumel, ku kuma kuka yi kwanaki ba ruwa?"

Mai gari Hussaini ya ce, "Ai aikinka ne, Malam. Mu noma muka iya."

"Ranka ya daɗe, in ƙotar fartanya ta kwance, Gumel kake aikawa?"

Ba namijin da ya miƙa hannu. Haulatu ce ta ajiye bokitinta ta matso. Mijinta ya rasu, gidanta ne mafi kusa da famfon, ƙararsa take ji wuni guda. Maza suka yi dariya. Malam Gwadabe bai kula su ba. Ya nuna mata inda ake sa sifana da ɓangaren da ake juyawa, ya nuna mata yadda ake buɗe murfi a shafa wa sarƙa giris, da yadda ake share magudana don kada ruwa ya kwanta ya ci siminti. Da zai tafi ya bar mata sifanar da gwangwanin giris, ya kafa doka a gaban kowa.

"Abin da ke saman ƙasa naku ne, ku gyara da kanku. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba naku ba ne. A kira mai aikin, a biya shi."

Haka ya yi a duk garin da ya shiga. Iya Sabuwa, wata dattijuwa daga ƙasar Gagarawa da muke haɗuwa a wurin biki, ta ce mini a garinsu makaho ya koya wa shafa giris, don shi kaɗai ne ba ya barin gari. Zayyad, wanda ya koyi aiki a hannunsa kuma yanzu yake da shagonsa da iyalinsa a Maigatari, ya ce ya taɓa yi masa ƙorafi: "Malam, kana koya wa masu kiranmu su cinye abincinmu." Shi kuma ya ce, "A noti abincinka yake? To ka tashi da yunwa."

Kai ne, Malam Gwadabe, ka rage wa kanka tafiya da abin da ake ba ka, don kada mace ta kwana da tulu a bushe saboda abin da yatsunta za su iya. Na Gumel mai kunnen famfo. Shekaru masu yawa famfonmu bai tsaya ba, mu kuma muka manta da kai, sai in mun gan ka a kasuwa.

Garinmu ba shi da wani ruwa sai wannan famfon. Tsohuwar rijiyar kakanni ta rufta tun da daɗewa. A tsakiyar bazarar da nake magana, ruwa ya fara ja da baya. A tuƙa, a tuƙa, sai ɗan tsiyaya. Haulatu ta buɗe murfi, ta duba sarƙa, ta ɗaure abin ɗaurewa, sannan ta je ƙofar mai gari ta ce matsalar ba a sama take ba, robar da ke can ƙasa ce ta cinye. A kira mai aiki.

Malam Gwadabe yana kwance a gida, an yi masa aikin ido. Haulatu ta ce to a kira Zayyad. Nan Ilu ya shigo maganar. Ilu ƙaƙƙarfa ne, mai shanun huɗa, ubansa mahaƙin rijiya ne. Ya tashi yana jan guga daga rijiyoyi masu zurfi da igiya da bijimi, kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Ba mugu ba ne. Yana son garin.

"A kira wani daga Maigatari a biya shi, ga sifana a gari? Abin da ke cikin rijiya igiya ke fito da shi. Tun kafin a haifi famfo muke wannan aiki."

Haulatu ta ce, "Ilu, bututu ba guga ba ne. Malam ya ce ƙasa ba namu ba ne."

"Malam ɗin yana ina? Shanuna ƙishi suke ji."

Ta hana shi sifanar. Ya koma wurin mai gari, mai gari ya aika a ce ta bayar. Ta bayar.

Ga yadda masu aikin suke yi, na sha gani. Bututun famfo gaɓa-gaɓa ne, an ɗaura wannan a kan wancan har ƙasa. Ana ɗago shi kaɗan, a matse shi a bakin rijiya da wani ƙarfe mai baki da suke ce wa bais, a kwance gaɓa ɗaya a ajiye, a sake ɗagowa. Aiki ne na haƙuri. Ilu ba shi da bais, bai ma ga amfaninsa ba. Ya kwance kan famfo, ya kafa gwafa biyu da itace a gicciye, ya ɗaure igiya a wuyan bututu, ya ɗaura wa bijimi, ya yi masa tsawa. Bijimi ya ja. Bututu ya taso sama, dogo, yana lilo a iska, mutane har sun fara kabbara. Sai ya lanƙwashe, mahaɗin ya ɓalle, duk sauran ya koma ƙasa. Mun ji ƙararsa yana tafiya, sannan shiru.

Ramin tuƙa-tuƙa bai fi faɗin kwano ba. Ba mai shiga. In bututun bai fito ba, rijiyar ta mutu, sabuwa kuma sai an kawo motar haƙa, abin da ya fi ƙarfin garinmu. Mata suka koma ɗebo ruwa a garin maƙwabta da jakuna da amalanke, su fita da sassafe su dawo rana ta take. Can ma aka fara yi musu gori. Wasu magidanta suka fara maganar tura iyali wurin dangi har damina ta faɗi. Ilu ya daina zuwa majalisa.

Ni aka aika Gumel. Na sami Malam Gwadabe a zaure da baƙin tabarau. Na gaya masa abin da ya faru ban rage komai ba. Matarsa ta yi magana daga cikin gida cewa likita ya hana shi sunkuyo da ɗaukar nauyi. Ya ce ya ji. Ya sa aka buga wa Zayyad waya. Washegari Zayyad ya goyo shi a babur har garinmu.

Malam bai yi faɗa ba. Aka kawo masa kujera bakin ramin ya zauna. Ya ce a kira Ilu. Ilu ya zo kansa a ƙasa.

"Ilu, kai da bijimin, wa ya ba wani shawara?"

Aka yi dariya, ta farko tun da abin ya faru. Ilu ma ya murmusa.

"Zauna nan. Da kai za a yi."

Ya aiki Haulatu ta kawo sabulun wanki. Ya cusa shi a gwangwani, aka ɗaure a bakin sandar ƙarfe, aka yi ta haɗa sanduna ana zurawa har ta taɓa bututun da ya karye. Ya sa aka danna, aka ɗago. Bakin bututun ya bar shaida a jikin sabulu. Ya shafa da yatsa, tunda idon bai gama gani ba, ya ce bakin ya lanƙwashe ya jingina da bango. Ya kai wa maƙerin garinmu sabulun, ya zauna kusa da shi yana faɗa masa irin ƙugiyar da zai ƙera.

Ƙugiyar farko ba ta kama ba. Ta biyu ta kama ta saki. Aka yi kwanaki a haka cikin rana mai zafi. Zayyad da Ilu da sauran maza suna zura sanda suna ɗagowa, shi yana zaune, tafin hannunsa a jikin ƙarfe, yana cewa a juya dama, a dakata, a sassauta. Idonsa yana ruwa a ƙarƙashin tabarau. Mai gari ya ce ya huta ya koma gida. Ya ce in ya koma, wa zai ji motsin ƙarfen? Wata rana da hantsi ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya.

"Ta kama. A hankali. Ilu, riƙe bais. In ka saki, kai zan zura."

Gaɓa bayan gaɓa bututun ya fito, Ilu yana matsewa, Zayyad yana kwancewa. Aka canza robar, aka canza gaɓar da ta karye, aka mayar da komai. Haulatu ce ta ɗaure kan famfon, ita ce kuma ta fara tuƙawa. Ruwa ya zo ja, sannan ya washe.

Kai ne ka zo da idon da bai warke ba ka zauna a rana saboda kuskuren da ba naka ba. Kai ne ba ka kunyata Ilu fiye da kalma ɗaya ba, ka kuma sa hannunsa a gyaran. Mun gode, Malam Gwadabe. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon, ya sa ka gama da duniya lafiya. Masu sana'a da za su karanta wannan, ku koya wa mutane ƙaramin gyara, ba zai hana ku ci ba. Mutanen gari, ku koya, ku kuma san inda iyawarku ta tsaya. In an kai can, ku kira mai aikin ku biya shi ba tare da ƙunƙuni ba.

Saura yadda aka rabu. Da yammacin ranar da ruwa ya dawo, dattawa suka zauna a ƙofar mai gari. Aka yanke cewa sifanar ce ta jawo, da babu ita a gari da Ilu bai kwance kan famfo ba. A mayar wa mai ita, daga yau ko noti ne a kira Zayyad. Yawancinmu mun yarda da haka, don tsoron da muka ji bai sake mu ba. Aka karɓo ta daga hannun Haulatu, aka naɗe a tsumma tare da gwangwanin giris.

Malam Gwadabe ya riga ya hau bayan babur lokacin da mai gari ya miƙa masa.

"Malam, ga kayanka. Mun gode, amma mun ga abin da ya fi ƙarfinmu."

Ya taɓa tsumman ya gane abin da ke ciki. Ya janye hannu.

"Ranka ya daɗe, shekara nawa famfon nan yana aiki a hannun Haulatu?"

"Da yawa."

"Ita ta ce a zura igiya?"

"A'a."

"Ni na ajiye aiki daga yau, idona ba zai ƙara ba. Zayyad mutum ɗaya ne, garuruwa sun yi masa yawa. Ranar da noti ya kwance yana can wata ƙasa, za ku zauna da ƙishi kuna jiransa. Ƙasa tasa ce, ku kira shi. Sama taku ce. A mayar mata."

Mai gari ya ce, "Dattawa sun riga sun yanke, Malam. Ka karɓa, ko don hankalinmu ya kwanta."

Zayyad ya tayar da babur. Haulatu tana tsaye can baya da bokiti a hannu. Mai gari bai sauke hannunsa ba.

Malam Gwadabe ya gyara tabarau ya ce, "Ba zan karɓa ba."