Mai Kantin Kayan Jarirai a Layin Haraji

A ɗakin jira na ofishin haraji wata mata na zaune kusa da ni, da kwamfuta a cinya. Ta yafa gyalenta a baibai, kuma an rasa mai gaya mata. Ni da idona ba ya zama wuri ɗaya, sai na leƙa: kantinta ne na intanet, 'yan safa da hulunan jarirai take sayarwa.

Shafin haraji ta buɗe. Akwai ɗan akwatin da ake latsawa don a ɗora wa mai saye haraji a kan farashi, nata kuwa wayam yake. Tana latsawa, tana gogewa, kamar mai taɓa haƙori mai ciwo.

Na ce, "Baiwar Allah, shekararki nawa da buɗe shi?"

"Huɗu." Ba ta dube ni ba. "Wallahi na ɗauka na'urar ce ke cirewa da kanta."

Ina jin a gida da ita ake alfahari, kuma ba wanda ya san da wasiƙar ofishin harajin da ke leƙowa daga jakarta.

Duk wanda ya shiga ƙofar ma'aikacin harajin can, shiru yake fitowa.

Ta latsa akwatin, ta adana, ta yi mini murmushi. "To, na gyara. Ai za su duba wannan, ko?"

Ma'aikacin ya leƙo, rungume da fayil mai kauri. Kowa da lamba ake kiransa. Ita kuwa, sunan kantinta ya kira, ko takarda bai duba ba.