Garaɓasar Kawu a Shafin Ta'aziyya

Akwai layi ɗaya a unguwar Majidaɗi ta Jalingo da har yau in na shiga sai na sunkuyar da kai, layin gidan Mama. Ba ita ta haife ni ba. 'Yar ƙabilar Mumuye ce, nas mai ritaya, maƙwabciyarmu tun ina rarrafe. Ita ta huda mini kunne, ita ta yi jinyar mahaifiyata. Ba abin da nake tattali kamar mutuncina a idonta, kuma kawuna ne ya ɗauke shi ya yi garaɓasa da shi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwa jikan 'yan kasuwa, asalinsu Katsina. Yana da shago a unguwar Sintali inda yake haɗa matafiya da motoci da ɗakunan kwana. Da na gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai ya ce in zo in saka shi a intanet. Na gina masa shafin da mutum zai kama kujerar mota ko ɗaki daga wayarsa. Na kuma yi masa bayani cewa kowane irin matafiyi a yi masa shafinsa na musamman, inda zai fara sauka ya tarar da abin da ya shafe shi kaɗai, kamar gida mai zaure da yawa.

Kai, da na sani ban faɗa ba! Washegari ya iso da rukunonin da ya gano a shafin wasu Turawa: hutun amarci, hawan dutse, shaƙatawa a bakin teku. Teku, a Jalingo! Tekunmu dai rafin Mayo Gwoi ne, wanda da rani akuya ke tsallakawa ba ta jiƙa ƙafa ba. Haka na zauna na yi masa, har da hoton wasu masu dariya a kan yashi. Muka yi watanni, ko kare bai leƙa ba.

Na ce, "Kawu, mutanenmu fa ba shaƙatawa ke fitar da su ba. Biki ne, ko asibiti, ko tantance ma'aikata, ko mutuwa. A yi wa masu zuwa jana'iza da ta'aziyya shafinsu."

Ya zabura kamar na watsa masa ruwan zafi. "A'uzu billahi! Ke 'yar nan, mutuwa za ki rubuta mini a ƙofar shago? Kira mana ita za ki yi?"

Na je na yi abina. Shafi fari, ba hoto, ba ado. A sama na rubuta addu'ar Allah ya ba da haƙuri. A ƙasa motar da za ta tashi nan take, saboda Musulmi da ke tseren riskar jana'iza, sai babbar bas ta ranar Asabar saboda Kiristoci masu kai mamaci ƙauye, da direbobin da ba sa tsoron ɗaukar gawa kuma sun san hanyar bayan garin Sunkani da damina.

Ba a jima ba shafin nan ya fi duk sauran aiki. Sai ga Kawu, mai gudun kiran mutuwa, yana faɗa wa abokansa a majalisa cewa dabarar ta daɗe a ransa. Ashe tsoron nasa ciniki yake jira ya warke. Har ya matsa in koya masa yadda ake rubuta saƙon da ke zuwa wa mutum a waya bayan ya dawo daga tafiya. Na koya masa a kan shafin masu zuwa gida Sallah, na ga ya iya, na ce madalla. Ban san ya bi duk shafukan ya liƙa saƙo iri ɗaya ba, don a ganinsa zalunci ne a hana wasu cin arziki.

Ana nan sai ɗan Mama da ke aiki a Abuja ya rasu. Na tarar da ita zaune a ƙasa, matan cocinsu kewaye da ita, maza na ta gardamar yadda za a kai shi garinsu Zing. Na karɓi wayarta na kama musu motar gawa da bas ta mata. Komai ya tafi daidai, direba bai yi latti ba, ba wanda ya yi cinikin gawa a bakin titi. Wallahi na ji daɗi, na ce yau karatuna ya yi wa Mama rana.

Bayan sun dawo na je gaishe ta. Ta miƙo mini wayarta. Saƙo ne daga shagonmu, da taurari da hoton balan-balan: "Mun gode! Da fatan an ji daɗin tafiya. Garaɓasa! A sake irin wannan tafiya kafin ƙarshen wata a samu ragi. A gayyato 'yan uwa!"

Ban san lokacin da na iso Sintali ba. Na same shi yana shan shayi.

"Kawu, ka san abin da ka aika wa matar da ta binne ɗanta?"

Ya karanta, ya gyara hula. "To, mene ne a ciki? Kwastoma ai kwastoma ne. Zagi na yi? Ragi fa na yi mata."

"Ragin gawa ta biyu, Kawu!"

"Ke kika san gaibu? Kowa zai mutu." Da ya ga idona ya yi ja, sai ya sassauta murya, ya kawo abin da a wurinsa shi ne ƙarshen karamci. "Shi ke nan, ki ce mata na cire wa'adin. Duk lokacin da buƙata ta taso, ragin na nan."

Na goge saƙon daga shafin a gabansa. Na koma Majidaɗi ina haɗa kalmomin ban haƙuri a hanya, duk suka watse da na shiga. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mana. Kuskure ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na samu sauƙi. Ta kife wayar a kan tabarma, ta ce da Hausarta mai sanyi, "Tashi, 'yata. Ki gaya ma kawu naki na gode. Ya ba wani ragin. Ni ɗa ɗaya ne kawai nake da shi."