Baba Ya Koma Kan Littafin Audugarsa

"Tambayar mini shi, ina na tsaya?" in ji Baba, yana laluben kwamfuta.

Mahaifina tsohon malamin gona ne a Malumfashi. Yana cikin rubuta littafi kan noman auduga idonsa ya raunana. Yatsunsa sun haddace madannai, amma ba ya ganin allo, in ya tashi salla ya dawo sai ya rasa inda yake. Haka ya jingine aikin, wai ba zai riƙa tsare mutane su karanta masa ba.

Jiya na haɗa masa mataimakin AI mai magana a kwamfutar, wanda ke iya leƙa shafin da ke buɗe. Na ce ya tambaya da kansa.

Muryar ta ce, "Ranka ya daɗe, kana kan bayanin feshin maganin ƙwari na farko, jimlar ba ta ƙare ba."

Baba bai yarda ba. Ya buga wasu kalmomi shiru, ya ce, "To, yanzu fa?"

"Bari in sake duba shafin tukuna. Ka ƙara cewa: wannan abin ƙarya yake yi."

Baba ya tuntsire da dariya har Inna ta fito da muciya a hannu!

Kafin la'asar ya kammala babin. Da na leƙa, ko ɗagowa bai yi ba. "Hadiza, ja mini ƙofa, aiki nake."

Wallahi ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba. Ku fa, wane dattijo kuke fatan ya koma kan abin da yake so?